Ragon Ƙarfen Ghali Mai Walda

Duk wanda ya zauna a unguwar Hashimi ta Suleja ya san rumfar Ghali mai walda, ko da bai taɓa kai masa aiki ba. Rumfar kwano ce a bakin titi, ƙasanta baƙi ƙirin saboda tartsatsi da tsatsa, ga ƙyamaren ƙarfe jingine da bango suna jiran masu su. Shi kansa Ghali dogo ne siriri, mai ɗan doro irin na wanda ya daɗe yana aiki a tsugune. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi zai ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa ya amsa, ya mayar, ya ci gaba da abin da yake yi.

Gadon ƙarfe ya yi. Mahaifinsa, Malam Nata'ala, maƙeri ne a cikin tsohon gari, yana ƙera fartanya da lauje da wuƙaƙen mahauta. Lokacin da Ghali ya tasa aikin gina Abuja ya kankama, baƙi suka cika Suleja, kowa na neman ɗakin haya, kowane ɗaki kuma na neman ƙofa da taga. Tsohon ya ga inda zamani ya dosa, sai ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin wani Bayarabe mai injin walda, ya ce a koya masa. Uwarsu ta rasu tun Ghali yana ƙarami, saboda haka yayarsa Bilkisu ce ta raine shi. Ita ta riƙa wanke masa rigunan da tartsatsi ya huhhuda, ita ta riƙa ɗora masa tsumma mai sanyi a ido duk ranar da hasken walda ya kama shi ya kasa buɗe su. Ko bayan ya auri Rabi'a sun haifi 'ya'ya, Bilkisu ba ta daina kiransa yaron nan ba.

Da ƙofa ya yi suna. Wasu masu waldar farantin ƙarfe ɗaya suke sawa, su lulluɓe da fenti mai ƙyalli. Shi yakan sa biyu, ya jera rodi a tsakaninsu, ya ɓoye hinjis ɗin da ƙyauren ke juyawa a kansu ta ciki inda hannu ba ya kaiwa, ya binne ƙafafun firam cikin kankare. Makulli ɗaya ke tura sakata uku, sama da tsakiya da ƙasa. Aikinsa da nauyi, da jinkiri, amma masu shaguna da masu gidajen haya sun gwammace su jira shi. Bai taɓa yin alfahari da baki ba. Iyaka in ya gama kafa ƙofa yakan rufe ta, ya doke ta da tafin hannu sau ɗaya, ya saurari amon, ya kwashe kayansa.

Bilkisu tana aure a unguwar Chaza, nan cikin Suleja. Mijinta Abdulsalami direba ne a wani ofis a Abuja, yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai an yi isha'i. 'Yarsu ɗaya, Nana, wadda a lokacin take makarantar sakandare. Bilkisu tana yin zoɓo da kunun aya tana sarar wa masu shago. Wata rana ta tafi suna, ɓarayi suka ɓalle ƙyauren katakon gidan da rana tsaka, suka fita da firiza da keken ɗinki. Washegari sai ga ta a rumfar Ghali, ta zauna a kan benci ba ta ko cire mayafi ba.

Ta ce, "Irin wadda kake yi wa alhazai nake so. Ka kuma toshe min tagogin nan da rodi. Ƙofar baya ma na ce a liƙe ta da bulo, ba na son ta."

Ya ce, "Yaya, a bar ta baya mana. Sai in yi mata ƙarama."

"Ni ke wuni a gidan, ba kai ba."

 Ya yi mata ƙofar da bai taɓa yin irinta ba, ya ƙi karɓar ko kwabo. Daga ranar Bilkisu ta koma kulle kanta ta ciki ko da rana ce, ta rataye makullin a ƙusa kusa da ƙofar kicin, wanda yake daf da mashigar gidan.

An yi shekaru a haka. Sai wata rana cikin bazara, bayan azahar, babu wutar lantarki, Ghali yana zaune yana kankare tsatsa daga wani firam, wayarsa ta yi ƙara. Maƙwabcin Bilkisu ne. Ya ce tukunyar gas ta kama a kicin, wuta ta cika zauren shiga, Bilkisu da Nana suna ɗakin ciki. Ghali ya tare ɗan acaɓa ya hau. A hanya ya tuna injinsa na yankan ƙarfe, ya kuma tuna babu wutar da zai tayar da shi, ya bar tunanin.

Ya tarar da layin cike da mutane. Hayaƙi na fita ta ƙarƙashin kwano ko'ina. Wasu na watsa ruwa da bokiti ta taga, wasu na dukan ƙofar da guduma da diga, ƙarfen na mayar musu da hannu. Ta tagar ɗakin ciki ana ganin hannuwan Nana riƙe da rodi, tana tari, tana cewa Mama ta daina magana. Bilkisu dama tana da ciwon asma.

Wani mai sayar da itace a bakin layin yana da gungumen mangwaro da bai faskara ba. Maza suka taru suka ɗauko shi, suka ja baya, suka rugo da shi suka gabza wa ƙofar. Ghali na cikinsu, ya riƙe gaba. Ya ji dukan ya bi ta kafaɗarsa har haƙora. Suka ja baya suka sake. Suka sake. Fentin ya ɗaɗe da zafi, tsakiyar ƙofar ta ɗan loɓa, shi ke nan. Ghali ya san abin da ke bayan farantin nan, ya san zurfin da ya binne ƙafafun, domin shi ya haƙa ramin.

Ya ce, "Ku bar ƙofar nan. Bango."

Ba su ji shi ba sai da ya maimaita. Suka zagaya da gungumen ta lungun da ke tsakanin ɗakin da katangar maƙwabta. Lungun ƙunci gare shi, babu wurin gudu, sai dai su yi lilo da itacen a hannu su buga, kuma rabin mazan ba su samu wurin tsayawa ba. Hannuwa suka gaji, aka riƙa canji. Filasta ta zube, bulo ya tsage, can dai ya rufta ciki, hayaƙi ya fito ta ramin. Aka jawo Nana. Ghali ya shiga da rarrafe, ya laluba, ya samu yayarsa a ƙasa kusa da gado da jiƙaƙƙen zane a fuska. Wuta ba ta taɓa ta ba ko kaɗan. Da aka fito da ita wata ma'aikaciyar jinya da ke layin ta duba ta, ta ja zanen ta rufe ta. Motar 'yan kwana-kwana ta iso bayan haka. Kafin magariba an kai Bilkisu.

Ghali bai yi kuka ba, a maƙabarta ko a gida. Ya zauna a tabarmar makoki yana amsa gaisuwa, yana cewa amin, yana jin muryarsa kamar ta wani mutum da ke zaune kusa da shi. Tafin hannunsa duk ya sale, Rabi'a ta shafa masa man kaɗanya ta ɗaure, ya bar ta ta yi. Abdulsalami bai taɓa ɗora masa laifi ba, ko da ido. Da aka share makoki sai ya roƙe shi ya zo ya cire ƙofar, don za a rushe abin da ya saura a sayar da filin. Ghali ya yi hayar janareto ya je. Ginin duk ya ƙone, rufin ya faɗa ciki, ƙofar na tsaye a firam ɗinta. Ya wuni yana yanka. Wani mai shagon siminti da ke kallo ya tambaya ko ta sayarwa ce. Ghali ya ce ya ɗauka.

Abin da ya biyo baya bai zata ba, bai kuma yi mamaki ba. Labarin ya zaga gari cewa maza sun fi goma sun dake ta da gungume ba ta buɗe ba. Aiki ya yi masa yawa. Mutum zai zo ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce, "Malam Ghali, irin ta Chaza nake so." Ghali ya ɗauki awo ya yi. Ya fara ba mutane shawarar a bar taga ɗaya mai buɗewa ta ciki, ya ma ƙera samfuri ya jingine a rumfa. Mutum biyu ko uku suka yarda. Sauran suka ce ai ta nan ɓarawo zai shigo. Bai yi musu da kowa ba.

Nana ta dawo gidansa da zama, domin ubanta ya kama ɗaki kusa da wurin aikinsa. Hayaƙin ya bar mata dishewar murya da ba ta warke ba. Ta koma makaranta, ta riƙa taya Rabi'a girki, ba ta ta da zancen ranar, shi ma bai tayar ba. Rabi'a ce kawai ta lura mijinta ya daina sanin ko miya ta ji gishiri. Abin da aka ajiye masa zai cinye, in ba a ajiye ba ba zai tambaya ba.

A cikin wannan halin ne Malam Titus ya fara zama a rumfar. Tsohon malamin tarihi ne a makarantar sakandare, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Legas da Jos. Kujerar ƙarfe ya kawo a liƙa mata ƙafa, da aka gama sai ya zauna a kanta, gobe ma ya dawo. Mutum ne mai son magana, kuma ya samu wanda ba ya katse shi. Ya ji labarin gobarar kamar kowa, bai taɓa ambata ba sai wata rana da aka ɗauke wuta suna zaune su biyu.

Ya ce, "Oga Ghali, ka san abin da kuka yi da gungumen nan, mutanen dā da shi suke cin gari da yaƙi?"

Ghali ya dube shi.

"Da gaske. Assuriyawa, Girkawa, Rumawa. In sun yi wa birni zobe, mutanen ciki sun rufe ƙofofin ganuwa, sai su sare babbar bishiya, su sa mata kan ƙarfe. Rumawa rago suke kiran abin, saboda yadda yake tunkuyi, wani lokaci ma har siffar kan rago suke yi wa ƙarfen. Amma sun gane ɗauka a hannu wahala ce. Sai suka riƙa rataye shi da igiya ko sarƙa a jikin firam, ka gane, kamar lilo. Ku ja baya kawai, ku sake shi. Nauyinsa ne ke aikin."

Ghali ya ajiye burushin ƙarfen da ke hannunsa. Ya ce, "Ba sai an yi gudu da shi ba."

"Ba sai an yi gudu ba. Su yi masa rumfa da tayoyi, su rufe da ɗanyar fata saboda wutar da ake jefo musu daga sama. Su kuma na ciki su sauko da buhunan ƙaiƙayi daidai inda yake duka don su kashe ƙarfinsa, ko su zuro sarƙa su kama kan. Haka za a yi ta yi, wata da watanni. Sau da yawa ma ba ragon ke cin garin ba, yunwa ce."

"Ƙofa suke duka ko bango?"

"Duk inda ya fi rauni."

Titus ya lalubo hoto a wayarsa ya nuna masa, wani zane da aka sassaƙa a jikin dutse, ga abin a kan tayoyi ya sa kai a gindin ganuwa, ga mutane na faɗowa daga sama. Ghali bai kula da mutanen ba. Ya sa yatsa biyu ya buɗa hoton, ya daɗe yana duban inda gungumen ya rataya.

Ranar Lahadi ya hau mota zuwa Sabon Wuse, wurin makanikan manyan motoci. Ya zaga cikin tarkace har ya samu karyayyen aksul na tirela, wato sandar da ke haɗa tayoyi, ƙarfe ne tsantsa, mutum biyu da ƙyar suke ɗaga shi. Ya ɗoro shi a a-kori-kura ya kawo rumfa. Ya fiƙe bakinsa na gaba ya yi tsini kamar kurfi, ya liƙa masa mariƙai a gefe. Ya ƙera firam mai ƙafa huɗu, siriri yadda zai shiga lungu, ya sa masa tayoyin baro, ya rataye aksul ɗin da sarƙa biyu. Ba a lokacin aikin mutane yake yi ba, sai in ya gama na ranar, tsakanin la'asar da magariba. Ya ɓata ya gyara, ya yanke ya sake liƙawa. Titus na zaune yana ba da labarin biranen da aka ci da waɗanda suka gagara, Ghali na jin rabi.

Rabi'a ta ce masa, "Baban Munir, wa ya ba ka aikin abin nan?"

Ya ce, "Ba kowa."

"To na mene ne?"

"Na ajiya ne."

Ta dube shi, ta ɗauke kwanon da ya gama da shi.

Wata yamma Nana ta biyo ta rumfar daga makaranta, ta tsaya tana kallon abin. Ta tambaya, ya gaya mata a taƙaice, yadda ake ja da yadda ake saki. Ta sa hannu ta ɗan tura ƙarfen, ya yi lilo a hankali, sarƙar na ƙara.

Ta ce da dishasshiyar muryarta, "Kawu, na ji ka ranar nan. Kai ka ce bango."

Ya ce, "Eh."

Ta tsaya kaɗan kamar akwai saura, sannan ta ce Inna Rabi'a ta ce ya taho da barkono. Ya ce to.

Da ya gama, aka samu wani tsohon gini da za a rushe a bayan kasuwa, ya roƙi mai shi ya bari a gwada. Mutane suka taru. Maza huɗu suka ja ƙarfen baya suka saki. A bugun farko bangon ya tsage daga sama har ƙasa, kafin a ankara an yi ramin da babban mutum zai shige a sunkuye. 'Yan kallo suka yi tafi, Titus ya cire hula yana dariya, yana cewa da Rumawa sun gani da sun ɗauke shi aiki. Ghali ya tsaya yana duban ramin. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, daɗi ko ɗaci, bai ji ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne sarƙar gaba ta fi ta baya tsawo, tana sa bakin ya yi ƙasa. Da suka koma rumfa ya rage ta.

Ya kai wa mai unguwa ya ce ya ba jama'a, duk inda aka samu gobara a jawo. Mai unguwa ya yi godiya, ya sa albarka, sannan ya kira dattawa. Aka daɗe ana magana. Wani ya ce in abin nan ya faɗa hannun ɓatagari babu shagon da zai kwana lafiya. Wani ya ce hukuma za ta iya tambayar wa ya ba da izini. Wani ya ce masu sayen tsohon ƙarfe za su sace shi cikin mako. A ƙarshe aka yanke a ajiye shi a gefen masallaci, a ɗaure da sarƙa da kwaɗo, makulli a wurin ladan. Ghali ne ya kawo sarƙar. Mutanen unguwa suka sa masa suna ragon Ghali. Damina ta sauka a kansa, ya yi ja da tsatsa, mai shayin wurin ya riƙa shanya tsummansa a jikin firam ɗin. Lokaci lokaci Ghali yakan zo da baƙin mai ya shafa wa sarƙoƙin, ya hura tayoyin, ya tafi. An yi gobara biyu a garin cikin waɗannan shekarun, duk a unguwanni masu nisa, ba wanda ya tuna da shi sai bayan an kashe.

Sau ɗaya aka yi amfani da shi. Wani magidanci mutumin Kano, Fakhruddeen, yana haya a ɗaki ɗaya a bayan masallacin, yana aiki a Abuja, iyalinsa na gida. Mutum ne mai fita da sassafe ya dawo da dare, ba wanda ya san shi sosai. Aka kwana biyu ba a gan shi ba, aka ɗauka ya yi tafiya, har matarsa ta bugo wa mai gidan ta ce ba ta samunsa a waya. Takalmansa na bakin ƙofa, ƙofar a kulle ta ciki, ga ƙudaje a jikin taga. Aka kira 'yan sanda, suka ce a buɗe. Ƙofar aikin Ghali ce. Aka nemo ladan, aka kwance ragon, aka turo shi da hantsi, mata na leƙe ta katanga. Ghali ya nuna inda za a buga, gefen firam, daidai sakatar tsakiya. Ba a daɗe ba bulon da ke riƙe da firam ɗin ya saki, ƙofar ta faɗa ciki gaba ɗayanta.

Mutumin na kwance a kan katifa da rigar aiki a jikinsa, ga burodi da bai buɗe ba a gefe. Likita ya ce zuciya ce. Aka yi masa sutura a nan Suleja, domin ba ya ɗaukuwa zuwa Kano. Ghali ya bi gawar, ya dawo ya mayar da ragon wurinsa, ya ɗaure. Titus ya rako shi har rumfa, ya zauna a kujerarsa, ranar bai ba da labarin komai ba. Bayan kwana kaɗan mai gidan ya aiko a zo a mayar da ƙofar, don ya samu wani ɗan haya. Ghali ya je ya miƙar da firam ɗin, ya sake binne ƙafafun.

Daga baya ƙafafun Titus suka fara kumbura, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Jos. Ya bar wa Ghali kujerar. Sukan yi waya jefi jefi, Titus ya yi ta magana, Ghali ya ce haka ne. Idon Ghali ma ya fara gazawa, shekarun hasken walda sun taru masa. Ya rage karɓar manyan ayyuka, ya koma gyaran baro da murhu da ƙafar gado. Masu neman irin ta Chaza suka koma wurin wasu, waɗanda suka koyi sa faranti biyu.

Nana ta gama karatu a kwalejin horon malamai, ta samu koyarwa a wata firamare a Sabon Wuse, duk da muryarta. A can ta haɗu da wani malami ɗan'uwan aikinta, suka daidaita. Abdulsalami ya zo har gida ya ce Ghali ne zai ba da aurenta, domin a hannunsa ta ƙarasa girma. Ghali ya ce ai akwai baffanninta. Abdulsalami ya ce ya riga ya yi magana da su, sun wakilta shi.

Aka ɗaura auren wata Asabar da hantsi a ƙofar gidan Ghali. Rabi'a ta fito masa da farar babbar riga, ta goge ta, ta gyara masa zaman hula. Ya zauna a gaban liman, wakilin ango ya nema, shi kuma ya ce ya bayar, ya faɗi abin da ake faɗa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa, mutane suka yi ta miƙo masa hannu. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa. Wata tsohuwa ƙawar Bilkisu ta fito tana share hawaye, ta ce masa yau da marigayiya na nan. Ya ce Allah ya jiƙanta. Ta ce amin, ta koma cikin gida.

Ana cikin rabon abinci aka kawo wuta, fankar zaure ta fara juyawa. Ghali ya ɗaga kai ya dube ta. Ya ɗan ƙara zama har manyan baƙi suka watse, sannan ya zame ta gefen rumfar biki ya nufi bakin titi. Akwai baron wani mai tura ruwa da ya kwana biyu yana jira. Ya tuɓe babbar rigar ya ninke, ya ɗora a kan benci, ya kife baron, ya jawo wayar injin walda.